Rayuwar Uwargidan Gwamna a Da

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a wannan zamani ya saba jin labarin uwargidan gwamna a rediyo da talabijin. Yau ta buɗe asibiti, gobe ta raba kekunan ɗinki, jibi ta jagoranci taron mata. Tana da ofis da ma'aikata da jerin gwanon motoci. Wannan kan sa ɗalibi ya zaci cewa haka abin yake tun asali, alhali kuwa tarihi ya nuna akasin haka. Kafin shekarar 1987 matar gwamna a Arewacin Nijeriya ba ta da ofis, ba ta da kasafin kuɗi, kuma mafi yawan talakawan jiha ba su san ko sunanta ba. Wannan babi zai yi bayanin yadda rayuwarta ta kasance tun daga zamanin Turawa har zuwa lokacin da matsayin ya sauya kama. Za a duba ma'anar kalmar, da tushen matsayin a al'ada, da ayyukan da ta riƙa yi, da kuma halin da takan shiga idan mulki ya kuɓuce wa mijinta.

2.0 Ma'anar Uwargidan Gwamna

Uwargida harɗaɗɗiyar kalma ce wadda aka gina daga "uwa" da "gida", aka haɗa su da mahaɗin "-r". A al'adar Bahaushe uwargida ita ce matar da mutum ya fara aura daga cikin matan da ke gidansa. Ita ake fara shawarta, ita ke lura da rabon kwana da girki, kuma ita ake ba amanar amarya ranar da aka kawo ta. Ita kuwa kalmar "gwamna" ararriya ce daga Ingilishi, ta shigo Hausa tare da mulkin mallaka, kamar yadda "razdan" da "joji" da "ofis" suka shigo.

Da aka haɗa kalmomin biyu sai ma'anar "uwargida" ta faɗaɗa. A bakin 'yan jarida, uwargidan gwamna ita ce matar da ke fitowa bainar jama'a da sunan gidan gwamna, ko da ita kaɗai ce a gidan, ko kuma ba ita ce ta fari ba. Wannan misali ne mai kyau na faɗaɗar ma'ana, wato yadda kalma kan bar muhallinta na asali ta ɗauki sabon aiki saboda sauyin zamani.

3.0 Matar Mai Mulki Kafin Zuwan Turawa

A tsarin sarautar ƙasar Hausa auren sarki bai ba mace ikon fita ta yi hulɗa da talakawa ba. Matan sarki suna cikin gida ne a kulle, kuma tarihin Kano ya danganta fara kullen matan sarki da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Jakadiya ce ke kai saƙo tsakanin cikin gida da fada. Matan da suka riƙe sarauta galibi ta hanyar jini suka same ta. Magajiya a Daura da Mai Babban Ɗaki a Kano misalai ne. A Borno akwai Magira, wato mahaifiyar Mai, sannan akwai Gumsu, wadda ita ce uwargidansa, kuma tana da daraja da ikon tafiyar da cikin gida.

Akwai matar da ta bambanta a wannan fage. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, matar Waziri Giɗaɗo ce, wato babban mashawarcin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne iliminta da tsarin 'Yantaru da ta kafa, inda jajis suke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Da mijinta ya rasu aikinta bai tsaya ba, domin bai dogara da kujerarsa ba. Ya kamata a riƙe wannan misali, saboda da shi za a auna abin da ya biyo baya.

4.0 Zamanin Turawan Mulkin Mallaka

Matan gwamnoni na farko a Arewa Turawa ne. Frederick Lugga, wanda ya shugabanci Arewa daga 1900 zuwa 1906, ya auri Flora Shaw a 1902. 'Yar jarida ce sananniya a Landan, kuma ita ce ta ba da shawarar sunan "Nijeriya" a wani rubutu da ta yi a 1897. Ta zo ƙasar bayan aurensu, amma ba ta daɗe ba rashin lafiya ya mayar da ita Ingila. Wannan shi ne halin matan Turawa da yawa a farkon ƙarni na 20. Zazzaɓin cizon sauro da zafi da kaɗaici sun sa hukuma ba ta cika son ma'aikata su zo da matansu ba, kuma 'ya'yansu akan bar su ne a Ingila wurin dangi ko a makarantun kwana.

Wadda ta zauna kuwa, babban aikinta shi ne karɓar baƙi. Duk Baturen da ya sauka a hedikwata sai ya je Gidan Gwamna ya sa hannu a littafin baƙi, daga nan ne ake zaɓen waɗanda za a gayyata cin abinci. Zama a teburi bisa muƙami ake yin sa, kuma matar gwamna ce ke tabbatar da cewa ba a zaunar da matar Di'o a gaban matar Razdan ba. Tana da kuku da boyi da mai wanki da mai lambu a ƙarƙashinta. A waje kuma takan zama uwar ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross, ta ziyarci asibiti, ta raba kyaututtuka a makarantun 'yan mata. Kasancewarta mace ya ba ta damar shiga cikin gidan sarki ta gaisa da matansa, wurin da mijinta ba zai taka ba.

Wasunsu sun bar rubutu. Olive Temple, matar Charles Temple wanda ya yi Laftanan Gwamnan Arewa daga 1914 zuwa 1917, ta tattara bayanai kan ƙabilu da lardunan Arewa aka buga su a 1919. Haka ma Joan, matar Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, ta wallafa littafi kan rayuwarta a Arewa. A zamaninsu ne Sarauniyar Ingila Elizabeth ta ziyarci Kaduna a 1956 aka yi mata hawan daba.

5.0 Jamhuriya ta Farko

Baturen ƙarshe da ya yi gwamnan Jihar Arewa shi ne Sir Gawain Bell, wanda ya sauka a 1962. Sir Kashim Ibrahim, tsohon malamin makaranta daga Borno, shi ya gaje shi, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. A lokacin ikon zartarwa yana hannun Firimiya, wato Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, shi kuwa gwamna uban ƙasa ne.

Iyalan shugabannin Arewa na wannan lokaci sun ci gaba da zama bisa al'adar da suka taso a ciki. Ba a ganin su a dandalin siyasa, ba a jin muryarsu a rediyo, kuma jaridu ba su cika buga hotunansu ba. Dalilai uku ne suka haddasa haka. Na farko shi ne kulle da kunya, waɗanda ake ɗauka a matsayin alamar mutuncin gidan babban mutum. Na biyu shi ne ƙarancin ilimin boko na mata, domin makarantun 'yan mata ba su fara samuwa a Arewa ba sai wajen 1930, kuma ɗalibansu kaɗan ne. Na uku shi ne matan Arewa ba su da ƙuri'a a lokacin. Sai a 1976 aka ba su 'yancin zaɓe, suka kuma jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. Ɗan siyasa ba shi da buƙatar tura matarsa neman goyon bayan waɗanda ba za su yi zaɓe ba.

Duk da haka mata ba su naɗe hannu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri saboda fafutukar 'yancin mata, kuma a 1963 aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, wadda ta mayar da hankali ga marayu da ilimin mata. Abin lura shi ne waɗannan ayyuka daga wajen Gidan Gwamnati suka taso.

6.0 Zamanin Jihohi Goma Sha Biyu

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga ciki a Arewa. Audu Bako ya zama gwamnan Kano, Abba Kyari ya riƙe Arewa ta Tsakiya, Usman Faruk Arewa maso Yamma, Musa Usman Arewa maso Gabas, Joseph Gomwalk Binuwai da Filato, sai David Bamigboye a jihar da aka sani da Kwara. Daga nan ne aka fara samun matar gwamnan jiha a ma'anar da aka sani yau.

6.1 Shiga Gidan Gwamnati

Waɗannan gwamnoni sojoji ne da 'yan sanda, kuma in ban da Audu Bako da aka haifa a 1924, sauran ba su kai shekara 40 ba. Saboda haka matansu masu ƙuruciya ne, da yawansu da goyo. Sun saba da zaman bariki da yawan sauyin wurin aiki, inda mace ke girkinta da kanta, ta yi hulɗa da maƙwabta daga ƙabilu daban-daban. Ba su yi yaƙin neman zaɓe ba, kuma ba wanda ya shirya su. Sanarwa kawai aka yi, suka wayi gari matan gwamna. Ga shi kuma ƙasar ta faɗa yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, lokacin da ba na shagali ba ne.

6.2 Ayyukan Cikin Gida

Nauyin da ya fi girma a kanta shi ne na tafiyar da gida. Gidan Gwamnati ya haɗa tsari biyu. A ɓangare ɗaya akwai abin da aka gada daga Turawa, wato kuku da teburi da liyafar manyan baƙi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai gidan Bahaushe wanda ba a rufe ƙofarsa. Dangin miji da na mata da 'ya'yan riƙo da baƙin ƙauye duk suna sauka, kowa da buƙatarsa, domin Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Tukunya ba ta sauka, musamman da azumi da Sallah. Uwargida ce ke lura da abin da aka dafa da wanda aka kai wa, da kayan Sallar yara, da gudunmawar biki da suna da ta'aziyya. Idan gidan na mace fiye da ɗaya ne, wajibi ne ta riƙe girmanta, domin ƙaramin saɓani a irin wannan gida kan zama labari a gari.

Akwai kuma wani aiki da ba a rubuta ba. Wanda ya kasa ganin gwamna a ofis yakan turo matarsa ko mahaifiyarsa ta bi ta cikin gida, ko don neman aiki, ko gurbin karatu, ko sassauci ga wanda ya yi laifi. Wannan ƙofa ce mai haɗari. Idan uwargida ta toshe ta a ce ba ta da kirki, idan ta buɗe ta da yawa a ce ita ke mulki. Mai hankali takan saurara, ta isar da abin da ya cancanta, ta bar wa maigida hukunci.

6.3 Ayyukan Waje

Fitarta ƙidayayya ce. Takan raka mijinta bikin ranar samun 'yancin kai ko tarbar shugaban wata ƙasa, ta zauna kusa da shi ba tare da ta yi jawabi ba. Takan ziyarci ɗakin haihuwa da gidan marayu da sojojin da suka ji rauni, ta kuma halarci bikin raba kyaututtuka a makarantun 'yan mata. Yawan fitar ya danganta da addini da al'adar gidan da kuma ilimin matar. Ayyukan da suka shafi mata kuwa ma'aikatun gwamnati ne ke yin su. Misali, Audu Bako ya yi suna wajen ƙarfafa ilimin 'ya'ya mata a Kano, amma ta hannun ma'aikatar ilimi aka yi aikin, ba da sunan ofishin matarsa Hajiya Ladi Bako ba, domin babu irin wannan ofis a lokacin.

A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, lokacin da jihohi suka kai 19, abin bai sauya sosai ba. An samu rassan mata a jam'iyyu saboda ƙuri'arsu ta zama abin nema, amma matan gwamnonin Arewa galibi sun ci gaba da zama a bayan fage, kamar yadda iyalin Shugaba Shehu Shagari suka yi.

7.0 Ranar Sauka

Duk darajar da matar gwamna take da ita a rataye take da kujerar mijinta, kuma kujerar ba ta da tabbas. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Tarihin Arewa cike yake da misalai. A daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu. A Yulin 1975 juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala Muhammed ya sauke dukkan gwamnonin Gowon, kuma binciken da aka yi ya kama 10 daga cikin 12 da laifi, aka ƙwace wasu kadarorinsu. Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe gwamnan Kwara Kanar Ibrahim Taiwo a yunƙurin juyin mulkin Dimka, sannan a watan Mayun shekarar aka harbe Joseph Gomwalk bisa zargin hannu a yunƙurin. A Yunin 1981 majalisar Kaduna ta tsige Alhaji Balarabe Musa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 kuwa, an tsare gwamnonin farar hula, kotunan soja suka yanke wa da yawansu ɗauri mai tsawo.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta akwai mace da 'ya'ya da suka kwashe kaya cikin gaggawa. Direba da kuku da masu gadi na gwamnati ne, sukan koma wa sabon maigida. Masu zaryar gaisuwa sukan ɗauke ƙafa. Ita ce za ta riƙe yara, ta nemo kuɗin makaranta, ta yi jigilar abinci zuwa gidan yari, ko ta shiga takaba. Wadda ke da sana'a ko takardar shaidar koyarwa ko ta jinya ta fi saurin farfaɗowa. Wannan ɓangare na rayuwarta shi ne littattafan tarihi suka fi yin shiru a kansa.

8.0 Sauyin Shekarar 1987

Maryam Babangida ce ta sauya fasalin matsayin. Kafin mijinta ya hau mulki a 1985 ta shugabanci ƙungiyar matan hafsoshin soja. A Satumban 1987 ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda aka fi sani da Better Life. An tsara shi hawa-hawa. Matar shugaban ƙasa tana sama, matar gwamna ce shugaba a jiha, matar shugaban ƙaramar hukuma kuma a yankinta. Ta haka matar gwamna ta samu ofis da ma'aikata da kuɗin gudanarwa. An kafa ƙungiyoyin gama-kai da azuzuwan yaƙi da jahilci da cibiyoyin koyon sana'a, kuma a 1989 aka kafa hukumar kula da harkokin mata ta ƙasa. A 1994 Maryam Abacha ta maye gurbinsa da shirin tallafa wa iyali, sannan aka kafa ma'aikatar harkokin mata ta tarayya a 1995.

Masana sun yi saɓani kan wannan sauyi. Masu yabo suna cewa ya fito da matsalolin matan karkara fili, ya kuma sa fitar mace bainar jama'a ta zama abin karɓa a Arewa. Masu suka, irin su Amina Mama a nazarin da ta yi a 1995, suna ganin iko ne da ake samu ta hanyar aure, wanda matan da ake yi dominsu ba su zaɓa ba. Akwai kuma matsalar doka. Sashe na 176 na tsarin mulkin 1999 ya kafa kujerar gwamna, amma babu inda tsarin mulkin ya ambaci ofishin matarsa. Saboda haka babu ƙa'idar da ta fayyace aikinta ko wanda zai tuhume ta. Haka kuma shirye-shiryen sukan mutu da zarar miji ya sauka.

9.0 Muhimmancin Darasin ga Malami

Malamin Hausa zai amfana da wannan batu ta fuskoki uku. Ta fuskar harshe, zai koyar da aron kalmomi da faɗaɗar ma'ana da harɗaɗɗun kalmomi. Ta fuskar al'ada, zai nuna yadda kulle da kunya da karɓar baƙi suka yi tasiri har a Gidan Gwamnati, da yadda zamani ya sassauta su. Ta fuskar tarbiyya kuwa, zai kwatanta wa ɗalibai, musamman mata, bambancin darajar da aure ke bayarwa da wadda ilimi ke bayarwa. Shirye-shiryen matan gwamnoni da yawa sun shuɗe har an manta sunayensu, amma karatun 'Yantaru ya rayu shekaru masu yawa bayan rasuwar Nana Asma'u.

10.0 Kammalawa

An ga yadda matar gwamna ta fara a matsayin Baturiya mai karɓar baƙi, ta koma uwargidan da ke bayan labule, sannan daga 1987 ta zama mai ofis. A dukkan matakan abu ɗaya bai sauya ba, wato matsayinta ya dogara ne ga kujerar da ba tata ba. Matan da suka zauna a Gidan Gwamnati kafin 1987 sun ɗauki nauyi mai yawa ba tare da albashi ko suna ba, kuma wasunsu sun ɗanɗana ɗacin mulki fiye da zaƙinsa. Sanin tarihinsu zai taimaka wa ɗalibi ya auna abin da yake gani yau da ma'aunin da ya dace.

Tambayoyin Bita

1. Yi bayanin ma'anar "uwargida" a al'ada, sannan ka nuna yadda ma'anar ta faɗaɗa.
2. Kawo dalilai uku da suka hana matan shugabannin Arewa fitowa bainar jama'a a Jamhuriya ta Farko.
3. Kwatanta ayyukan matar gwamna a zamanin Turawa da na zamanin jihohi 12.
4. "Zanen aro ba ya rufe katara." Tattauna wannan karin magana dangane da rayuwar matar gwamna.
5. Tattauna da wata dattijuwa a garinku kan abin da take tunawa game da shirin Better Life, ka rubuta rahoto mai shafi biyu.